Mai Gangar Faifan Jaz

"Hajiya, don Allah ki bar ƙarar nan!"

Wani dattijo ya faɗo ɗakin ajiyata yana haki. Mutumin zangon Accra ne, makaɗin ogan mai kama da fiyano, ya shekara goma yana burin naɗar faifansa na jaz. Situdiyon da ya kama na yini ɗaya bango guda ne da ni, mai gangarsa kuma ya maƙale a hanyarsa ta zuwa daga garin Xintang.

"Alhaji, gobe kwantena za ta tashi," na ce. "Jakunkunan da na saro a Shiling ba za su ɗaure kansu ba."

Na ja salatif, ƙyarr! Na daki kwali sau biyu, na juya shi, ƙyarr! Haka hannuna ya saba.

Ya kasa kunne. Ƙafarsa ta fara bugun ƙasa.

"Sake mu ji."

Kafin la'asar an jawo makirufo tsakiyar kwalayena.

Bana faifan ya fito. Ƙanwata ta bugo daga Kano, wai ana ta tambayar wane Ba'amurke ne ya kaɗa gangar.

"Ki ce yana gaishe su," na ce. "Yana ɗaurin kaya."