Garin Albasar Alhaji

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yayanta, ita da kanta ta rako katan shida na garin albasa daga Aliero zuwa Jega. Shekara huɗu ke nan, tun rasuwar mijinta, tana yanka albasa, tana shanyawa, tana niƙawa, tana ɗurawa a robobi. Ɗan kunnenta na zinariya ta sayar ta kafa sana'ar, don kada ta roƙi kowa abincin 'ya'yanta. Yayan ne ke kai mata kaya kasuwa. Ya ce ba za ta sha wahalar mota ba yana raye.

Mai shagon da yayan ke kai wa kayan ya buɗe katan, ya ɗauko wasu takardu masu sheƙi, ya shiga manna wa robobin. Ta matso ta karanta. Sunan yayanta ne, da hotonsa cikin babbar riga, da lambar rajistar kamfani.

"Malam, wanga suna fa?"

"Na mai kamfanin na mana. Au, ke ta mai aikinai? Alhaji na yabonki ƙwarai. Ya ce duk cikin ma'aikatanai, ke kaɗai ta ba ki taɓa neman ƙarin albashi ba."

Ta daɗe tana kallon murmushin da ke cikin hoton, wanda ta sani tun suna cin tuwo kwano ɗaya. Sannan ta jawo katan ɗin gabanta.

"Ɓare takardunga, Malam. Mai aiki ta aje aiki yau. In Alhaji ya warke, ya zo ya sayar muku da hotonai."