Mai Ta'aziyya daga Jirgin Yaƙi

Tun da yaƙin basasa ya ɓarke tsakaninmu da 'yan'uwanmu da suka ƙaura zuwa taurari, aka kafa doka: na'urar da ke tuƙa jirgin yaƙi, tunda tana da hankali, ita za ta kai wa iyaye labarin rasuwar soja.

Da hantsi Barmani tana tsintar wake, aka yi sallama. Wani dogon mutum-mutumin ƙarfe ne ya durƙusa a bakin ƙofa. Ta shimfiɗa masa tabarma.

"Inna, ni nake tuƙa jirgin su Jatau. Allah ya yi masa rasuwa. Ina tare da shi har ya cika, kuma da kalmar shahada ya cika."

Ta yi salati, ta daɗe tana kallon faifan waken. Jatau ne babban ɗanta. Ƙaninsa Tanko yana yaƙi a ɓangaren mutanen taurari.

"Wa ya harbe su?"

"Jirgin su Tanko, Inna. Shi ma ni nake tuƙa shi. Tun kafin yaƙi aka sa ni a duk jiragen. Na roƙi kwamandojin jiragen biyu kada su yi harbi, babu wanda ya saurare ni."

"Tanko ya sani?"

"Bai sani ba. Kullum sai ya tambaye ni lafiyar yayansa."

Barmani ta share ido da gefen mayafi.

"To, ɗan nan, kada ya ji daga bakinka. Ka dawo mini da shi da rai, ni zan faɗa masa."