Ƙusoshi Biyar

"Biyar ne," in ji matar da ke zagayawa da baƙi a gidan tarihin jiragen yaƙi, tana nuna kujerar matuƙi. "Kafin jirgi ya tashi, makanike zai zare ƙusoshin nan duka, ya ɗaga wa matuƙi ya gani. In aka bar ko ɗaya, ranar da jirgi ya kama da wuta, kujerar ba za ta cilla shi waje ba."

Wani tsoho cikin baƙin ya matso kusa da kujerar. Shekara talatin ya yi yana wannan aikin na makanike a wani sansani na bakin teku.

'Yarsa ta zungure shi. "Baba, yau kuma bakin ya mutu? A gida ba ka barin kowa ya sha kofi lafiya saboda labarin jirage. Nuna mata naka ƙusoshin mana!"

Ta juya wajen matar. "Na jirgin abokinsa ne, wanda ya faɗa teku da abokin a ciki. Tun kafin a haife ni suke aljihunsa."

Ba ta jira ba, ta zura hannu cikin rigar ruwansa ta fito da su, jan ƙyallensu duk ya koɗe. Ta jera su a tafinta tana ƙirgawa. Huɗu. Ta sake laluba aljihun.

"Baba, ka yar da ɗaya."

Matar ta sunkuyar da kai.

Idonsa na kan kujerar ya ce, "Ban taɓa yar da komai ba."