Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Kwalbar Zafi

Kun gani, amma kuka kau da kai.

Doka ta ce kowane wurin aiki ya rataye kwalba mai ruwa iri biyu a gauraye. Garau suke, sai zafi ya kusa kisa su yi fari kamar nono, a dakatar da aiki.

Jiya Alhaji Tanimu mai gidan bulo ya naɗe tasa da jiƙaƙƙen tsumma. Gwaggo Dije mai kunu, wadda ɗanta ke leburanci a wurin, ta fizge tsumman.

"Alhaji, kwalba kake sanyayawa ko mutane?"

"Kin gama talla a nan!"

"Na ji."

Ta tsaya har kwalbar ta yi fari, leburori suka ajiye shebur.

A unguwarku ma akwai tsumma. Ku je ku cire shi yau.