Ranar da Aka Tambayi Gonar Tabawa

Tun da aka sauya doka, manomi ya daina neman tallafin noma da bakinsa. Gonarsa ake tambaya. Shi ya sa Tabawa ta yi sammako, ta tsaya a bakin gonarta tana jira.

Ma'aikaciyar hukumar tallafi, wata budurwa mai fara'a, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta kafa sandar ƙarfe a tsakiyar kunya.

"Iya, kada ki sa baki. Gonar ce za ta yi magana."

Sandar ta yi ƙugi, wata murya mai sanyi ta fito. "Na ƙoshi. Takin gargajiya take ba ni, kuma ba ta ƙona mini kara."

"Me kike buƙata?" budurwar ta tambayi gonar.

"Rijiya, da itatuwan gawo."

"An ba ki," in ji budurwar.

Tabawa ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka ɗago daga shuka suna taya ta.

"Saura tambayar ƙarshe, Iya." Budurwar ta juya ga sandar. "Kina so ki ci gaba da zama a hannunta?"

Tabawa ta tuna Malam Jatau, wanda bara gonarsa ta ce a'a, yanzu yana dako a tasha.

"Ina so," in ji muryar.

Tabawa ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi, ta cika wa budurwar zani da gyaɗa. Da za ta ratsa gonar zuwa gida, sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu.