Murfin Gyara

"Tashi mu tafi," mahaifin ya ce wa 'yarsa daga bakin ƙofar ajina. "Ba tsalle-tsalle na kawo ki koyo ba."

Ban roƙe shi ba. Tun da na fara koyar da kwamfuta ba tare da kwamfuta ba ake kirana malamar wasa, iyaye suna kwashe yaransu ɗaya bayan ɗaya. In wannan ta tafi, za a rufe ajin.

Na nuna masa gidajen da na zana da alli a ƙasa. "Yallaɓai, kai ne na'urar yau. Ita za ta ba ka umarni, kowane umarni sai ta biya murfin kwalba."

Ya shiga yana hararata.

"Taku biyu gaba. Juya hagu. Taku uku," in ji yarinyar, tana biyan murfi ukun da na ba ta har suka ƙare.

Sai ya yi karo da tebur. Yara suka fashe da dariya, ya buɗe baki zai yi faɗa.

"Ba laifinka ba ne, Baba, umarnina ne ya kuskure." Ta zaro murfi biyu daga cikin safarta. "Kullum ina ɓoye na gyara. Ja da baya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja da baya a hankali, yana ɗaga ƙafa kada ya goge zanen.