Kafinta da 'Ya'yan Birai

Ka ce alheri kake nufi, ban musa maka ba. Amma zauna ka ji abin da ya sami wani kafinta.

Shi kafintan nan labari ya ji cewa can kudu, a bakin wani kurmi, akwai gidan da ake kula da biran da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu wasa da su a tasha, kuma suna neman masu aikin sa kai da za su gyara musu keji kafin damina. Ya ba da sunansa, aka karɓe shi, aka sa ranar tafiya. Ya wasa zarto, ya ɗaure guduma da ƙusoshi, ya sayi takalmin ruwa da gidan sauro. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: bai taɓa riƙe biri ba. Ya shiga tambayar mutane. Wannan ya ce ayaba suke ci, wancan ya ce gyaɗa. Wani ya ce kada ya kuskura ya haɗa ido da su, wani kuma ya ce in ya sunkuyar da kai za su raina shi. Ya rasa ta wa zai ɗauka.

Ranar kasuwa sai ya ga wani maharbi da ɗan biri a kwando, ɗan mitsitsi, yana ta karkarwa. Kafinta ya ce a ransa, ga ceton rai, ga kuma koyo kafin tafiya. Ya saya ko ragi bai nema ba. Ya haɗa masa akwatin katako, yana ba shi madara da cokali. Kasuwa ta zagayo, maharbin ya yi sallama a ƙofar shagonsa da wasu biyu. Tausayi ya kama shi, ya sake saya. Da mutumin ya kuma dawowa da kwando, kafinta ya tambaye shi yadda yake kama su suna ƙanana haka.

Maharbin ya dube shi kamar ya tambayi abin da kowa ya sani. Ya ce, "Ai ɗan biri ba ya sakin uwarsa tana da rai. Da can ba na harbin mai goyo, sai da na samu mai saye."

Kafinta ya dubi kwandon, ya dubi akwatin. In ya saya, wata uwar za ta faɗi mako mai zuwa. In ya ƙi, waɗannan da ke kallonsa ta tsakanin saƙar kwando tasha za a kai su, a ɗaura musu igiya a ƙugu. Ya sa hannu a aljihu ya fitar, ya sake sawa ya fitar. Sai ya ce wa maharbin ya jira, ya kira matar da ke shugabantar gidan biran a waya, ya gaya mata komai, yana zaton ko za ta ce ya kyauta. Sai ta ce kada ya ƙara saye ko ɗaya. Ukun da ke wurinsa za ta turo ma'aikatan gandun daji su ɗauka. Shi kuwa, tunda ya yi ta cuɗanya da biran da ba a san lafiyarsu ba, ba zai kusanci nasu ba sai likita ya duba shi, kuma hakan ba zai yiwu kafin ranar tafiya ba.

Ya koma ya sallami maharbin. Mutumin ya saɓa kwandonsa ya tafi, har yau kafinta bai san inda ƙananan suka ƙare ba. Abokan tafiya suka tashi ba da shi ba. Ya zauna a shago kusa da kayansa da ke ɗaure, yana ta lissafin yadda mutumin da ya tashi taimakon marayu ya zama shi ne ya ƙara musu yawa, bai kuwa yi nufin sharri ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.